Koren Biron Yaya Balaraba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Balaraba, kuma sai bana kamfanin katakon da ta yi wa aiki a nan Libreville ya tuna da ita. Wannan tunawar ce ta hana ni sukuni.

Iyayenmu 'yan kasuwa ne daga Maraɗi. Ni na gaji shagon Baba a unguwar PK8, ita kuwa ta kafe sai boko. Da kamfanin ya ɗauke ta, wani sito aka nuna mata cike da kwalaye, rahotannin injiniyoyi da taswirorin daji duk danshi ya fara cinsu. Daga nan ta fara. Tana aiki tana karatun laburare har ta samu takardar shaida, siton ya zama ɗakin da manyan kamfanin ba sa shiga taro sai sun biya ta cikinsa. A gida muna tsokanarta da mai gadin takarda, ba ta ko kula mu.

Tana da wata ɗabi'a da ta sha jawo mata baƙin jini. Idan aka gyara rahoto aka kawo sabo, ba ta zubar da tsohon. Sai ta jera su kafaɗa da kafaɗa, ta rubuta wa kowanne lamba da koren biro a kusurwar sama. Na taɓa tambayarta amfanin tara shara. Ta ce, "Ƙanena, wanda ya sake magana, a bar mishi ta farin kusa da shi, kar ya mance ya taɓa faɗinta."

Watan jiya wata jami'ar kamfanin ta same ni a shago, fara'a har kunne. Wai sun kwashe komai na siton sun zuba a kwamfuta a wani sabon ɗaki, za su sa wa ɗakin sunan Balaraba, suna so ni in yanke ƙyallen buɗewa. Na tambayi inda takardun suke. Ta ce, "Suna wuri mai kyau, Alhaji." Na tsufa a kasuwa, na san muryar mai sayar da kayan da ba ya so a buɗe.

Ba a jima ba na je unguwar Lalala, na sayi gyaɗa wurin wata tsohuwa a bakin hanya. Ina warware ƙunshin na ga koren rubutu a kusurwar takardar. Hannun yayata ne, ko a mafarki na san yadda take lanƙwasa lamba bakwai. Na ce, "Inna, ina kika samo wannan?" Tsohuwar ta ce buhu-buhu ake kawo musu. Raina ya ɓaci, gyaɗar ma ban ci ba.

Ba zan rantse cewa sun ɓoye wani abu ba. Wataƙila sun ɗauki hoton kowace takarda kafin su zubar. Amma da na nemi a nuna mini rahoto ɗaya a kwamfutar, tsohon da sabon tare, sai aka ce in bari sai bayan biki. Me ya sa sai bayan biki? Da Yaya na raye, kwamfutar ba za ta dame ta ba, ita ce ma ta fara neman a kawo ta. Tambayar da za ta yi ita ce wa ya zaɓi abin da ya shiga.

Abin da nake tsoro shi ne a rataye sunanta a ƙofar ɗakin da aka share aikinta, a ce danginta ma sun zo sun tafa. Na aika musu cewa ba zan riƙe almakashi ba sai na ga rahotannin nan biyu. Har yau shiru.

Allah ya jiƙanki, Yaya. Ba ki bar gida ko mota ba, kin bar mini wannan taurin kan na tambayar ina na farkon. Takardar gyaɗar tana shagona, mai ya jiƙa ta, lambarki na nan. Duk ranar da suka nuna mini sabuwar, zan ajiye ta kusa da ita.