'Yar Bushiya a Tsakiyar Kwalta

Gidanmu na Badarawa a bakin hanya yake, tun hanyar ba ta san kwalta ba. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne. Mahaifiyarsa kuwa, wadda muke kira Iya, sana'arta suyar gyaɗa. Da an idar da sallar magariba sai ta hura wuta a murhun tsakar gida, ta ɗora kasko, ta zuba yashi, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana juyawa. Ni da ƙanwata Ummi mu ne masu murje ɓawo. Ladanmu gyaɗar da ta ƙone, da kuma tatsuniya. Maigida take kirana saboda wasan kaka da jika, tana cewa ba ta taɓa ganin mijin da ba ya cefane sai ci ba.

Shekarar da aka shimfiɗa kwalta, layinmu ya zama hanyar yanke. Motoci da 'yan acaɓa suka riƙa wucewa a guje ta ƙofar gidanmu. Wata rana aka aike ni sayen ashana a tsallake. Ina tsakiyar titi wata mota ta danna mini hon, sai na tsaya cak na rufe ido. Allah ya sa direban ya kauce ya wuce. Iya tana zaure, komai a kan idonta aka yi. Ba ta dake ni ba, ba ta kuma gaya wa Baba ba.

Bayan magariba, gyaɗa ta fara ƙamshi, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "Ga wata baƙuwa nan a bakin ƙofa."

Muka ce, "A buɗe mata ta shigo."

Wai akwai wata bushiya da 'yarta guda a gefen daji. Abu ɗaya ta koya wa 'yar: in kin ji motsin da ba ki yarda da shi ba, ki dunƙule. Kura ta zo ta shinshina, ƙaya ta soke mata hanci, ta gudu tana atishawa. Kare ya zo, shi ma haka. 'Yar bushiya ta ga duniya babu abin tsoro.

Sai mutane suka zo suka shimfiɗa wani baƙin kogi wanda ba ya gudana, gonar gyaɗa kuma tana tsallakensa. Wata safiya uwar tana barci, 'yar ta sulale ta hau kogin nan. Tana tsakiya ta ji ƙasa tana rawa, wata dabba mai ido biyu tana tahowa da ruri. Ta yi abin da aka koya mata. Ta dunƙule.

A nan Iya ta tsaya ta gyara itace, ta bar mu da baki buɗe.

"Iya, sai aka yi yaya?" in ji Ummi.

Ashe dabbar mota ce, ta wani tsohon direba mai kai tukwanen ƙasa kasuwa. Saboda kayansa ba ya gudu, har sauran direbobi suna yi masa dariya in sun wuce shi. Ya hango wani abu kamar curin ƙaya, ya taka birki a hankali, motar ta tsaya, ko tukunya ɗaya ba ta fashe ba. Ya sauko ya cire hularsa ya kwashi 'yar bushiya, ya mayar da ita gefen da ta fito. Uwar ta rungume ta tana kuka, ta ce, "Ƙayarki ta kura ce, 'yata. Wannan dabbar ba ta da hancin da za ki soka. Daga yau ki tsaya a baki, ki duba nan, ki duba can, ki jira ni."

Ummi ta ce, "To Iya, da ba tukwane ya ɗauko ba fa?"

Iya ta daɗe tana juya gyaɗa kafin ta amsa. "Da ban ba ku wannan labarin ba," ta ce. Sai ta dube ni. "Maigida, gobe in an aike ka tsallake, tare za mu. Baƙuwa ta tafi, kowa ya nemi tabarmarsa."

Iya ta rasu ina makarantar sakandare. Yanzu ina da shagon atamfa a Babbar Kasuwa, da 'yar motata. Bara ƙanin matata Sadiƙu ya roƙe ni in kai shi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Mun fito a makare, muka shiga unguwar daidai lokacin da ake tashin yara daga Islamiyya. Na rage gudu.

"Yaya, taka motar nan mana," in ji Sadiƙu yana duba agogo. "Jirgin nan ba ya jiran kowa."

Na ce, "Ba ka ga yara ba?"

Ban rufe baki ba wata yarinya mai shuɗin hijabi ta fito da gudu daga bayan wani keke mai ƙafa uku da ke tsaye. Ta ga motar, ta durƙusa ta ɗora hannuwa a ka. Na taka birki da duk ƙarfina. Motar ta tsaya, amma ban ga yarinyar ba, gaban motar ya rufe ta.

Ban san yadda na buɗe ƙofa ba. Na zagaya gaba ina salati, na same ta a dunƙule, tsakaninta da ƙarfen motar bai wuce taki ɗaya ba. Ko ƙwarzane babu. Na taɓa kafaɗarta na ce, "Tashi, 'yata, ba abin da ya same ki." Sai a sannan ta fashe da kuka, ni kuwa ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Wata mai sayar da awara ta ce ta san gidansu, ta riƙe hannunta. Wani dattijo ya ba ni ruwa, ya ce in zauna tukuna. Sadiƙu ya zauna kusa da ni a bakin kwalbati, bai sake duba agogo ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan don 'yar bushiya aka yi ta, kuma na koyi tsayawa a baki. Ranar nan na gane rabinta na direba ne. Komai yawan abin da aka koya wa yaro, in tsoro ya zo masa ba zato, dunƙulewa zai yi. Wanda ke riƙe da sitiyari shi ne babba, shi ya kamata ya san haka tun kafin ya shigo unguwa.

Kwanaki na sake bi ta layin nan na Rigasa. Na hango yarinyar a bakin titi, wani yayanta riƙe da hannunta, suna jiran motoci su wuce. Na tsaya na yi musu alama su tsallaka. Ta dube ni ta gilashi, ba ta gane ni ba, ta wuce tana ba yayanta wani labari.