Miyar da Ta Cinye Kafaɗar Inna

Shekara ashirin da biyu Inna Mai Cokali tana soya curin kifi da jatan lande a bakin tasha, amma ba don suyar ake yi mata layi ba. Kifi ai kowa ya iya jefa shi a mai. Abin da ke jan mutane shi ne miyar da ake dangwalawa, mai kauri da santsi, wadda yajinta sai ka haɗiye yake tashi.

Da hannu take kaɗa ta. Gwaiduwar ƙwai a kwano, mai ɗigo-ɗigo, sannan lemun tsami, tafarnuwa da jan barkono. In ka yi gaggawar zuba mai ta tsinke, sai zubarwa. Sa'a guda cur kullum, har kafaɗarta ta dama ta sage, ɗaura ɗankwali ma ya zama aiki. Likita ya ce ta ajiye cokali, ta ce ya fara ajiye allurarsa. Ita dai ta tsaya kai da fata cewa daɗin a hannunta yake, duk ranar da ta daina kaɗawa ta rasa masu saye.

Ranar da hannun ya ƙi ɗaguwa, kwano uku ta ɓata. Tana zaune tana cizon yatsa sai autarta, wadda ke aiki a kantin magani, ta shigo da injin markaɗe.

"Inna, minti biyu ne fa."

"Ki fitar min da wannan tarkacen. Mutanena za su gane tun daga ƙamshi."

Autar ta zuba kayan haɗin a injin. Ta kunna, ta juye a kwanon Inna, ta wuce aiki. Babu wata miyar, dole Inna ta ɗauka ta nufi tasha tana ƙunƙuni.

Na farko da ya zo tsohon tela ne, wanda tun ranar da ta kafa kasko yake saye. Inna ta zuba masa ido tana jiran ya yamutsa fuska, a ranta ma addu'ar hakan take. Ya dangwala, ya tauna, ya lumshe ido, ya suɗe yatsa.

"Kai, Inna, hannun nan naki ba ya tsufa. Ta yau ma ta fi ta jiya."

Inna ta ja tsakin takaici. Ta dafe kafaɗar da hannun hagu, ta juya ta ci gaba da kwashe kifi.