Ranar da Na Yi wa Baba Sharhin Wasan Ƙanena

Shekaru sun ja, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin Lahadin da na yi wa mutum ɗaya tak sharhin wasa ba. Mutumin mahaifina ne.

Ƙanena haifaffen unguwar Catford ne a Landan. Gudu ya kai shi jami'a a Amurka, daga can wata ƙungiyar ƙwallon Amurka ta ɗauke shi. Aikinsa biyu ne: ya cafe ƙwallon da aka jefo masa, ko ya tsaya can baya shi kaɗai ya tari wadda abokan hamayya suka bugo, ya dawo da ita a guje. Shekara huɗu, in ya bugo waya sai Baba ya ce, "A ba uwarsa." Duk mun ɗauka don ya ƙi karatun likita ne.

Sai ƙungiyarsu ta zo wasa Landan. Ya aiko da tikiti, amma lokacin Baba yana kwance a asibiti a unguwar Camberwell, ciwon suga ya tafi da ganinsa. Na zauna gefen gadonsa na kunna wasan a waya, ina jiran ya ce in kashe.

"Turancin nan ya yi mini sauri," in ji shi. "Ba ke ce 'yar rediyo ba? Faɗa mini."

Sau uku ana bugo ƙwallon tana wuce iyakar fili, ƙanena bai taɓa ta ba. A karo na huɗu ta lula sama.

"Yana ƙarƙashinta, Baba. Idonsa na sama. Mutum goma sha ɗaya sun taho masa a guje."

"Ba ya kallonsu?"

"In ya kalle su, ƙwallon za ta faɗi."

Ya cafe, ya goce wa biyu, na ukun ya maka shi da ƙasa. Bai yi nisa ba. A aikina ban taɓa ƙara wa labari gishiri ba, amma ranar har na buɗe baki zan ƙara. Baba ya riga ni, ya damƙi hannuna.

"Ya tashi?"

Kyamara ta koma kan 'yan kallo. Na ƙura wa wayar ido ina neman ƙanena.

"Ke! Ya tashi?"

"Ya tashi, Baba. Ga shi yana tafiya da ƙafarsa."

Ya saki dogon numfashi. "Ki ce ya zo da an tashi. Kada ya tsaya wanka."

Ƙanena ya zo. Baba ya yi ta shafa kafaɗunsa da wuyansa, yana duba ko wani wuri ya karye. Ganawarsu ta ƙarshe ke nan. Allah ya yi wa Baba rasuwa kafin kakar wasan ta ƙare. Shekarar da ta biyo, ciwon gwiwa ya raba ƙanena da wasan.

Har yau ina kewar wannan riƙon da ya yi wa hannuna. Ranar na gane wani fushin na iyaye tsoro ne da suka kasa faɗa, kuma da mun tambaye shi tun farko, da ba mu yi asarar shekara huɗu ba.