Muƙamuƙin ɓera a madadin golmo

Mai yiwuwa tsufa ya gauraya mini wasu abubuwa, amma ban manta tsakin wani marigayi ba. Jiya wani tsoho ya ja irinsa a kasuwar Zuru.

A shekarun 1950 na je neman 'yarsa. Ban yi masa golmo ba, noman da saurayi ke yi wa suruki, domin ina makaranta. Yana gindin rumbu yana shaƙar taba gari, ya tambayi abin da na nomo a can. Na nuna masa hoton muƙamuƙin wata dabba mai kama da ɓera, wanda ya zama dutse tun zamanin dainoso, manyan dabbobin da suka ɓace tuntuni. Na ce an sami danginta a nahiyoyi daban-daban, wasu masana na zaton da ƙafa suka bazu.

Ya ja dogon tsaki. "Malam, ni da na je yaƙin Bama, amai na yi ta yi a jirgin ruwa. Ɓeranka kuma teku ya taka? Shi 'yata za ta riƙa ci?"

Bai ba ni ita ba. Allah Ya sa ya huta. Waɗanda ke wurin, har da ita, su gyara mini inda na kauce.