Wuta Ba Ta Ci a Duniyar Ruwa

Ina aji ɗaya na sakandare na faɗo daga kan mangwaron gidanmu a Unguwar Dosa, ƙafata ta dama ta karye. Mai ɗori ya ce sai na yi wata biyu ban taka ba. A daidai lokacin malaman jami'a suka shiga yajin aiki, yayanmu ya dawo daga Zariya ba shi da abin yi sai zaman zaure.

Da ya ga kuka ya zame mini sana'a, wata rana bayan la'asar ya shigo da tsohuwar kalanda, da dayis ɗin lido, da wani littafin rubutu. Ya ce wasa ne da ya koya wurin abokin ɗakinsa, ya mayar da dokokin cikin Hausa. Shi ne mai ba da labari, ni da ƙanwata matafiya ne masu sandar siddabaru. A bayan kalandar ya zana duniyoyi biyar, kowacce da ƙofarta.

Dokar da ta fi ba ni haushi ita ce siddabarunka ba ya binka yadda yake. Duk ƙofar da ka ƙetare, ƙarfin sandarka ya ragu da ɗaya. A duniyar inuwa, in ka kira haske rabinsa ke zuwa. Ni kuwa da wuta nake taƙama. Ranar da wani ƙaton kada ya tare mu a duniyar ruwa, ban yi shawara da kowa ba na jefa masa ita. Dayis ya ba ni shida, lamba mafi ƙarfi. Yaya ya buɗe littafi ya karanta mini cewa wuta ba ta ci a nan, sai dai ta tafasa ruwan da ke kewaye da mai jifa. Ashe ƙanwata da ke gefena a cikin wasan na dafa. Ta fita da kuka ta kai ƙara.

Baba bai ji daɗin kalmar siddabaru a gidansa ba. Washegari ya ɗauki littafin ya kai wa malamin da ke karantar da mu allo, yaya na biye da shi. Ni ina kwance, na riga na sallama wasan.

Yaya ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Malam ya sa aka karanta masa shafi uku, ya tambaya ko ana zuba kuɗi, aka ce a'a. Ya tambaya ko akwai wanda ya yarda abin gaskiya ne, nan ma aka ce a'a.

"Alhaji, tatsuniya ce aka yi mata doka," in ji shi. "Kada dai ta hana su salla. Ka bar wa marar lafiya abinta."

Har sun kai bakin ƙofa Malam ya kira yaya, wai wanda ya kira iska a duniyar ruwan fa, me zai samu? Yaya ya ce babu a littafi. Malam ya ce a rubuta kumfa.

Muka ci gaba da wasanmu kullum har aka kwance ɗorin. Malam ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Yaya kuwa yanzu jikoki gare shi, kuma duk lokacin da na yi masa godiya sai ya ce shi ma zaman banza ne ya ishe shi.