Ranar da Baba Tsaf Ya Wanke Madubi

Shekara ashirin da uku Baba Tsaf yana kula da ƙaton madubin da ke cikin na'urar hangen taurari ta jami'a. Bai san sunan tauraro ko ɗaya ba, amma ƙura ta san shi. Matarsa takan ce da yana lallaɓa ta rabin yadda yake lallaɓa madubin nan, da har yau amarya ce.

Doka ɗaya ce a ɗakin madubin: ba a wanke madubi sai Farfesa ya sa hannu a takarda, an rubuta rana. Ɗalibai suna auna nisan wasu gungun taurari ne, waɗanda ke haihuwar sababbin taurari. Yadda iskar cikinsu ke tafasa shi ke nuna ainihin ƙarfin haskensu, sai a duba yadda hasken ya dushe kafin ya iso, a gane nisa, kamar fitilar mota a kan titi. Madubi mai ƙura da wankakke kuwa ba sa ba da labari ɗaya.

Farfesa ya yi tafiyar wata biyu, ƙura ta samu wurin shimfiɗa tabarma. Baba ya daure, ya daure. Ran da aka cire masa haƙori, zafi ya haɗu da haushi, ya ɗauko audugarsa ya wanke madubi tas. Bai gaya wa kowa ba.

Bayan wata huɗu, da hantsi, ya iske wata ɗaliba zaune a matakala, kwamfuta a cinya, idanu jawur.

"Baba, na shiga uku. Rabin taurarina sun matso kusa. Farfesa ya ce ko ƙarya na yi ko sakaci. Saura kwana tara in kare digirina."

"To su matso mana, 'yata, kin huta da tafiya."

"Baba, ba wasa nake ba. Shekara huɗu ina karatun nan! Kamar wani ya ƙara musu haske rana ɗaya, ban san wace rana ba. Da na san ranar, da na gyara."

Baba ya gane aikinsa ne. Saura wata bakwai ya yi ritaya da mutuncinsa. Kwana uku yana zagaya matakalar nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai. A gida abinci ya ƙi shiga, har matarsa ta tatsi maganar.

"Kai da ƙura ba ta iya ɓuya maka, kai ne za ka ɓoye magana? Tashi, malam. 'Yar mutane ce."

Ya tone akwati ya zaro katin likitan haƙori. Ranar tana nan da jan biro.

A ofis ya ajiye katin a gaban Farfesa.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Ni na jawo taurarin. Ga ranar."

Farfesa ya dubi katin, ya dubi Baba, ya miƙa tafin hannu. Ba gaisuwa yake nema ba, makullin ɗakin madubi yake so.

Ɗaliba ta raba ma'auninta gida biyu, kafin wanki da bayan wanki. Taurari suka koma inda Allah ya ajiye su, ta sami digirinta. Baba ne bai koma ba. An mai da shi sharar baranda.

Kullum da safe yakan jingina tsintsiya, ya leƙa ta gilashin ƙofa, ya hango ƙura tana kwanciya a kan madubi hankali kwance.

"Yi kwanciyarki," yakan ce mata. "Ke kina da takarda."