Mairama, Wadda Ta Ƙi Ninka Biki

Su biyu ne a gidan, Mairama da 'yarta Hidaya. Maigidan, Malam Iliyasu, ya rasu bayan doguwar jinya a asibiti a Birnin Kudu. Ya bar musu ɗaki da rumfa da turmi, da gona ɗaya a hanyar Kwandiko wadda ba ta hannunsu. Lokacin da ciwo ya tsananta, kuɗin magani ya ƙare, shi da kansa ya jinginar da ita ga Malam Sada, wani manomi mai shanun huɗa, a gaban mai unguwa. Sharaɗin jingina sananne ne: mai kuɗi zai ci gaba da noma gonar har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif. Saboda haka uwa da 'ya ba su da hatsin kansu, ba su da mai nemo musu, kuma kowace damina sai su wuce ta gefen gonarsu su ga geron wani ya yi kai a ciki.

Mairama ce mai sharar makarantar firamaren da nake koyarwa a ƙasar Gwaram. Ƙarshen wannan zangon za ta ajiye tsintsiya bayan shekaru masu yawa, shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da muka gani tun tana raye tana ji.

Da an idar da sallar asuba take isowa. Kafin yaro na farko ya shigo, azuzuwa sun sharu, randuna sun cika. Abin da ƙungiyar iyayen yara ke biyan ta bai taka kara ya karya ba, amma ban taɓa ganin ta share tsakiyar aji ta bar ƙarƙashin benci ba. Da hantsi ya yi sai ta shiga gidaje yin surfe. Ladan surfe 'yan kuɗi ne kaɗan, sai dusa da tsaki da ake bar wa mai aikin. Mata da yawa ba sa kula da dusar. Ita kuwa ko kwano ɗaya ce sai ta ƙulle ta a gefen zane.

Saboda dusar nan ne Malama Justina, abokiyar aikinmu mai koyar da aji uku, ta ba ta akuya kiwon raba, in ta haihu a raba 'ya'ya. Daga nan garken Mairama ya faro. Duk abin da ta tara, da ya kai kuɗin ɗan akuya, sai ta saya ta ɗaure. Malama Justina ta taɓa ce mata, "Inna Mairama, me zai hana ki riƙa ajiye kuɗin a asusu?"

"Haba Malama," in ji ta, "asusu ai fasa shi ake yi. Akuya kuwa ba a gutsurarta a sayo magi."

Haka take tafiyar da gidanta. Kara take tsintowa ta yi girki, ba ta sayen itace. Kuka da kuɓewa ita ke shanya nata tun da kaka, lokacin da ake bayar da su kusan kyauta. Sabulu sai ta yanka shi gida-gida kafin ya taɓa ruwa, tukwane kuwa da toka take goge su. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe. Ranar kasuwa da ƙafa take zuwa, da ƙafa take dawowa, 'yan acaɓa har sun daina yi mata oda. Kuma kafin ta ɗora kowace tukunya sai ta ɗebi tafin hannu ɗaya na hatsin ta zuba a wani tsohon tulu, in ya cika ta auna ta sayar. Duk da haka Hidaya ba ta taɓa zuwa aji da yunwa ba, kayan makarantarta kuma, ko da faci, wankakku ne.

Ke ce, Mairama, kika nuna mana cewa mutum yana iya matse hannunsa ba tare da ya matse fuskarsa ba. Ke ce mai gaishe mu da fara'a a ranar da muka san gishiri kaɗai ne a miyarki.

A bazarar da ta wuce ne al'amarin ya zo wuya. Malam Sada ba mugun mutum ba ne, ya yi haƙuri daminoni da dama. Amma babban ɗansa ya yi iyali, yana son gonar kansa. Sai ya je wurin mai unguwa aka kira Mairama, ya ce, "Ni ba zan cuci marainiya ba. In an kawo kuɗina kafin in kai taki, gona taki ce. In takina ya riga ya shiga, to mu yi ciniki, in cika miki kuɗi, ta zama tawa." Duk manomi ya san dalili: ba a fansar gona da takin wani a ciki. Mairama ta yi lissafin awakinta da abin da ke hannunta, ta ga in ba ta taɓa ko sisi ba, za ta kai da ƙyar. Ta amince.

Ana cikin haka sai ga goron gayyata daga Nasiha, ƙawarta tun suna 'yan mata, za ta aurar da babbar 'yarta. Su biyun abokan biki ne. Matan ƙasarmu sun san yadda abin yake: abin da ƙawarki ta kawo miki ranar hidimarki, ninkinsa za ki kai ranar tata, ita ma ta ninka in taki ta sake zagayowa. Wadda ta mayar da daidai abin da aka kawo mata, ba ƙari, to ta yanke bikin ke nan. Nasiha kuwa ta yi bajinta a hidimar ƙarshe da aka yi a gidan Mairama, tun Malam Iliyasu yana da lafiya. In Mairama ta ninka, sai ta sayar da awaki biyu, kuma gona ta tafi. In ba ta ninka ba, ta yanke zumuncin da ya girmi aurenta.

Wasu sun ba ta shawara ta ranto. Ta ce ba za ta haƙa wani rami don cike wani ba alhali tana tsaye a cikin na farko. Ta fitar da abin da ke cikin tulu ta sayar, ta haɗa da ladan surfen makonni, ya kai daidai abin da Nasiha ta kawo mata. Ta ɗauka ta tafi, Hidaya na biye.

Matan da ke wurin sun ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. An shimfiɗa tabarma, wata gwaggon amarya na karɓar gudummawa tana faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Da aka zo kan ta Mairama sai ta juya kuɗin, ta sake juyawa.

"Mairama, ko sauran sun maƙale a lalita ne?"

"Abin da ke nan shi ke nan, Gwaggo."

"To fa! Uwar awaki guda! Ko su ma an hana su fitowa biki?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ku bar ta, wannan ko tusa ta yi sai ta ajiye rabi don gobe."

Nasiha ba ta yi dariya ba. Ta ja ta gefe ta ce, "Ni za ki yi wa haka, Mairama? A gaban dangin mijina? Da kin gaya mini, ai da na ba ki a ɓoye kin kawo."

"Da na ci bashinki don in yi miki kara, ƙawata? Ga haƙƙinki na kawo, ban rage ko kwabo ba. Ninkin ne ba ni da shi. Gonar Hidaya ce a cikinsa."

"Kin san abin da hakan ke nufi dai."

"Na sani."

Da wata ce, da ta ja mayafi ta fice. Mairama ɗaura ɗamara ta yi, ta nufi bayan gida inda turame suke. Ita ta surfa hatsin bikin gaba ɗaya, ita ta tsaya kan manyan tukwane, ita ce ta ƙarshe a wurin wanke-wanke har aka kai amarya. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya gode mata. A makon nan yara suka riƙa kiran Hidaya 'yar marowaciya a filin wasa, sai da muka tsawatar. Washegarin kai amarya, Mairama ta iso makaranta da asuba kamar kullum, hannuwanta duk sun yi kanta.

Ke ce wadda aka yi wa dariya a tsakar gida, kika amsa da taɓarya. Ba mu san nauyin abin da kika haɗiye ranar ba sai daga baya.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da ta kora awakin kasuwar Gwaram. Ta ƙi sallamawa da wuri, ta tsaya a rana har dillalai suka gaji da ita. Ta bar akuya ɗaya tak. Tana dawowa aka ce mata an ga amalanken Malam Sada an yi masa lodin taki tun hantsi, ya nufi hanyar Kwandiko. A ranar ce 'yan acaɓa suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Mairama ta tsayar da babur. Ta biya ta ɗauki mai unguwa a wani babur ɗin, suka bi hanya.

A bakin gona suka tarar da shi, shanu na tsaye, bai kai ga juyewa ba.

"Malam Sada, dakata! Kada ko ɗigo ya sauka!"

Ya dube ta, ya dubi babur ɗin, ya fashe da dariya. "Mairama a kan acaɓa? Lalle yau akwai magana."

Ta kwance ƙullin ta miƙa wa mai unguwa, aka tabbatar ya cika. Malam Sada ya so gonar, bai ɓoye ba. Amma ya ce, "Alkawari ya cika. Allah ya jiƙan Iliyasu, ya bar mace. To takin nan fa? Na riga na wahalar da shanu. In juye miki, kya biya da kaka."

"Allah ya saka da alheri, Malam. Yau na fita daga bashi, ba zan koma kafin la'asar ba. Ina da tarin kashin awaki a bayan ɗaki, zan kwaso da kaina."

Da kanta kuwa ta kwaso, kwando-kwando, har ruwan shuka ya sauka.

Mairama, mu malamai da iyayen yara muna gode miki. Mun gode da azuzuwan da kika share, mun gode da abin da yaranmu suka gani a wurinki. Allah ya ba ki damina mai albarka, ya jiƙan Malam Iliyasu. Masu karatu kuma, musamman mu masu jiran albashi da muke cin wata tun bai kama ba, ina roƙon mu dubi abin da ke wuyanmu kafin mu dubi abin da za a ce. Wanda ake bi, ya fara tarawa yau, ko da tafin hannu ɗaya ne, kada ya ranto don a yabe shi a taro.

Har yanzu Nasiha gaisuwa kawai take amsawa, ba ta tako gidan ba. Ranar shuka Hidaya na bin uwarta a baya, uwar na sara, ita tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Ita ce ta ba ni labarin abin da suka faɗa.

"Inna, tun da an biya, Inna Nasiha za ta dawo?"

"Ban sani ba, 'yar nan. In mun girbe zan kai mata sabon gero, daidai ƙarfina. In ta karɓa, to. In ta ƙi, badi ma zan kai. Rufe ramin can da kyau, kin bar iri a waje."

Hidaya ta koma ta rufe. A nan ta gane cewa uwarta ta san za ta iya rasa ƙawarta tun kafin ta shiga gidan bikin, kuma ta shiga ne don gonar da take takawa ta zama tata.